Shekarar da Inna Ta Ce Injin Yana Tari

Na san abin da ake faɗa muku a kan motar nan. Har yau in an zauna hira a ƙofar gida sai wani ya tuno shekarar da babanku ya zare, ya fasa katangarsa da hannunsa ya shigo da mota tsakar gida, ya cinye rani guda yana cire inji yana mayarwa. Ku ma kuna dariya, na sha ganinku, kuma ba na jin haushi. To amma ƙarfina ya fara tafiya, uwarku Hajo da ta san zancen ba mai yawan magana ba ce. In ban faɗa da bakina ba, a haka za ku riƙe ni, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Mu mutanen Adar kun san halinmu. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, ƙafar namiji ta fara ƙaiƙayi, sai tafiya biɗa, wato ci-rani. Ni tun gemu bai fito mini ba nake zuwa Abijan. Ina da ƴar rumfa a bakin wani babban garaji, ni da abokina Sumaila, muna sayar da kafe, wato kofi, da burodi da soyayyen ƙwai. Nan na yi ƙuruciyata, nan furfura ta same ni. In hadari ya fara haɗuwa in dawo in yi noma a gonarmu ta Takanamat, da an yi girbi in sake saɓa jaka. Ba talauci kaɗai ke kora ta ba, kada in yi muku ƙarya. Ni mutum ne da zama ke sa wa ciwo. In na kwana biyu wuri ɗaya sai in ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. A irin wannan tafiyar ce babana ya rasu. Labari bai same ni da wuri ba, ko da na iso gida an yi sadaka an watse, sai tudun ƙasa aka nuna mini.

Kakarku kuwa, Inna, ni ne ɗanta na fari. Ku ƴan yanzu da uwa ke rungume ɗanta a gaban mutane ba za ku gane nauyin wannan ba. A zamaninsu mace tana kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Kakata ce ta raine ni. In na shigo gaishe ta sai ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina tsaye a wurin, ta ce a faɗa wa wancan. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, haka na ga ana yi. Da idonta ya rufe gaba ɗaya ta daina gani, na ɗauko ta daga Takanamat na kawo ta gidanmu na Tawa, Hajo ta ci gaba da kula da ita.

A kakar shekarar da nake ba ku labari, na gama kai gero rumbu na dawo Tawa, ina cikin ɗaki ina cusa kaya a jaka. Inna tana zaune a tabarma bakin ƙofa, Hajo tana tsefe mata kai. Inna ta ji ƙarar zif ɗin jakar. Sai ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Hajo, uban wancan, ɗiyan mutane sunka sa shi cikin rami. Ni ko wa za shi sa ni, Allah ɗai ya sani."

Hajo ta ci gaba da tsifa. Ni kuwa hannuna ya mutu a kan jakar. Na daɗe a tsaye, sannan na juye kayan a kan gado na fito na ce wa Hajo wallahi bana ba inda za ni.

"Malam, bar rantsuwa," in ji ta. "Kaffara da wuya take, kuma na san ƙahwarka."

Ta san ta kuwa. Makonnin farko na sha azabar da ban taɓa sha ba. Unguwa ta zama ta mata da tsofaffi, majalisa ba kowa sai masu sanda. In na wuce bakin famfo sai matan abokaina su fara, kai Malam, bana kai aka bari gadinmu? Sai in yi dariyar dole in wuce. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na canza wa awaki turke, na koma na maido da shi inda yake. Kowace safiya in na fito masallaci ƙafata da kanta take kai ni tasha, in tsaya ina kallon masu tafiya suna ɗaure kaya. Wata rana na farga sai ga ni da ƙafa ɗaya a kan matakin bas, ina tambayar yaron mota ko akwai sauran wuri. Na sauko. A hanyar gida na gaya wa kaina gaskiya: alkawari ba zai riƙe ni ba, sai na samo abin da zai ɗaure hannuna daga safe zuwa magariba.

Ina da wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, da nake kwasar gero da ita daga gona. Injinta ƙarami ne mai shan esansi, wato fetur, ya tsufa ya gaji. Duk lokacin da muka shiga yashin ƙoramar da ke hanyar Takanamat sai ta kafe, mu sauka mu yi ta turi muna zuba ƙaya a ƙarƙashin taya. To a ranar da na sauko daga bas ɗin na bi ta wurin masu sayar da ƙarafan matattun motoci, na ga wani inji an jingine shi a kan tayoyi. Na wata kat-kat ne, motar keta jeji da ta kife, mai shan gazuwal, wato man dizal, ƙato, baƙi ƙirin. Na zagaya shi, na sake zagaya shi. Ni ba makanike ba ne, amma shekara da shekaru makanikai suna shan kafena ina kallon hannunsu, kuma mai kallo yakan ɗauka ya iya. Ban koma gida ba sai da aka ɗora mini shi a kan amalanke.

Na je na samo Agali, wani Buzu maƙeri mai walda a bayan kasuwa, abokin wasana tun muna samari. Ya zo ya dubi motar, ya dubi injin, ya gyara rawaninsa.

"Kai Ba'adare, zuciyar raƙumi za ka sa wa jaki?"

"Ita za ni sa mishi."

"In ya tashi da kai sama, kada ka ce Agali na nan."

Muka fasa katanga ta gefen gabas muka turo motar har gindin itacen bedin da ke tsakar gida, don a reshensa za mu rataya sarƙa. Hajo ta tsaya riƙe da muciya tana kallon ɓaraguzai a kan wurin shanyarta. Na jira faɗa. Sai kawai ta kwashe tukwanenta ta matsar da murhu, domin ta riga ni gane abin da nake yi.

Aiki kam na same shi. Cire ƙaramin injin bai ba mu wuya ba, amma da muka ɗaga babban muka sauke sai ya ƙi shiga, ya fi gurbin tsawo. Haka ya yi kwanaki yana lilo a reshen bedi kamar ragon layya, kaji suna hawa kansa. Muka tura radiyata gaba, muka yanke hancin motar, Agali ya ƙera sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai. Da ya zauna sai bakinsa ya ƙi haɗuwa da buwat, wato akwatin giya, ramukan kusoshi kowanne yana duban wani gari. Agali ya yanko faifan ƙarfe mai kauri, muka yi ta aunawa da zare da gawayi, ya huda, ya ƙi, ya sake hudawa. Da wannan ya yi sai gaban motar ya durƙusa don nauyi, muka ƙara mata ƙarafan baka. Batir ɗaya ya kasa juya injin. Kullum in na toshe wata kafa sai wata ta ɓulle, ni kuwa haka nake so. Yatsuna suka farfashe, baƙin mai ya shige cikin tsagar, sabulu da toka suka kasa fitar da shi. Tasha kuwa na manta hanyarta.

Inna ta sa aka dawo mata da tabarmarta kusa da bedin. Tana zaune da carbi, fuska a bango, kunne a wurinmu. Wata rana ina buga wani ƙarfe sai na ji ta.

"Hajo, mi wancan ke bugu tun da sahe?"

Hajo ta juyo gare ni, ga ni ga Inna, ko taku uku babu tsakaninmu. "Malam, Inna ta ce mi kake bugu?"

"Ce mata ƙahwar inji ce ta karkace."

"Inna, wai ƙahwar inji ta karkace."

"To shi bi ta a hankali. Ubanshi ma haka yake, komi da ƙarhi."

Agali ya shige ƙarƙashin mota yana dariya har yana tari. Daga ranar kullum sai an yi. Inna ta tambaya, Hajo ta miƙo, in amsa, Hajo ta mayar. Ta san sunan radiyata, ta san buwat, ta san ranar da aiki ya yi kyau daga yadda nake ajiye sifana. Ina da shekara kusan sittin a duniya, wannan ne karo na farko da na yi hira da uwata, ko da yake ta bakin wata ce. Daɗin da na ji ba zan iya kwatanta muku shi ba.

Sai dai wayata ba ta bar ni na huta ba. Sumaila yana ta turo saƙon murya. Mai garajin ya mutu, ƴaƴansa suna sake rabon wuraren da ke bakin hanya, sun ce duk mai rumfa ya zo da kansa a gan shi, wanda bai zo ba a ba wani. Akwai wani mutumin Kalfu da ya daɗe yana zawarcin wurin. Sumaila ya ce shi kaɗai ba za su saurare shi ba, ni suka sani tun suna yara. Nakan saurari saƙon in kife wayar in koma ƙarƙashin mota, amma maganar tana bina har can.

Farkon bazara aikin ya ƙare. Wannan shi ne abin da ban lissafa ba, na ɗauka zai kai ni damina. Da hantsi na murɗa makulli, injin ya yi gurnani ya tashi, awaki suka tsinke igiya, matan unguwa suka leƙo ta katanga suna guɗa. Ni da Agali muka fita hanyar Takanamat. Wayyo, mota! Yashin da a da muke turi a cikinsa ta keta shi ko waiwaye babu. Agali yana riƙe da rawani yana ihu, ni ina dariya kamar yaro. Muka dawo na kashe ta a gindin bedi, na wanke hannu na zauna. Ban kai ga shanye shayin da Hajo ta kawo ba na ji igiyar nan ta dawo ƙirjina. Hannuna ba abin yi, ga rani da sauran tsawo.

Da la'asar saƙon Sumaila ya sake shigowa, ya ce wannan ne na ƙarshe. Na fara yi wa kaina wa'azi. Inna tana cin tuwonta, muryarta garau. In je a gan ni, in dawo kafin ruwan fari, wa zai ce na karya alkawari? Rumfar nan ita ta gina gidan nan, ita ta aurar da yayyenku. Na sauko da jakar daga kan kwaba. Hajo ta gani, ta fita.

Washegari na tayar da motar don in kai ta wurin Agali ya ajiye mini. Tana cikin ɗumi, sautinta sumul, sai muryar Inna ta ratso.

"Hajo, hwaɗa wa mai mato injin ga yana tari."

Na rage wuta na saurara. Babu komai. Na ce wa Hajo ta ce mata lafiyarsa lau.

"Ni dai na ji tari. Can ciki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na aika aka kira Agali, ya kafa kunne a jikin injin, ya ɗora tsinken ƙarfe ya saurara ta nan ya saurara ta can, ya ce ko a kamfani iyakar abin ke nan. Na buɗe baki zan ce tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sifana ba me ta sani a kan inji. Sai idona ya sauka a kanta. Ta juya fuska bango kamar kullum, amma carbin ya faɗi a kan tabarma, hannunta yana lalube ya kasa samunsa. Ta ji saukar jakar jiya. Ba ta da bakin da za ta ce ɗana kada ka tafi, al'ada ta hana ta tun ranar da ta haife ni. Injin nan kaɗai ne abin da take iya yi mini magana a kansa.

Na kashe motar. Na ce, "Hajo, ce mata tana da gaskiya. Ni ma yanzu na ji shi."

Agali ya dube ni, ya dubi tsohuwar, ya ja rawani ya rufe bakinsa. Sannan ya hau bedi ya sake rataya sarƙa.

Mun sauke lafiyayyen inji muka warware shi. Bayan ƴan kwanaki Sumaila ya turo saƙo, ba zan maimaita muku kalmominsa ba. Wurin ya tafi, shi ma an kore shi tare da ni, kuma har ya bar duniya bai sake kirana ba. Na saurara ina kwance a ƙarƙashin mota, na yi kuka a wurin, hawaye yana shiga kunnena. Kada ku ɗauka daga nan hankalina ya kwanta. Ina! Akwai ranakun da nake jin haushin Inna, da Hajo, da bedin, da garin gaba ɗaya. Akwai ranar da na yi jifa da sifana ta fasa randa. In motar Abijan ta yi oda a babban titi har cikin haƙorina nake jin ta. Amma duk lokacin da muka mayar da injin muka tayar, Inna takan saurara ta ce wa Hajo yau kuma shaƙewa yake, ko ta ce yana rawar ɗari, ni kuma in ce haka ne, mu sake kwancewa. A nan ne unguwa ta yanke cewa na taɓu. Wani dattijo har rubutu ya aiko mini in sha, na kuwa shanye, don ban ga amfanin musu ba.

Zafi ya yi zafi, sannan gabas ta fara yin baƙi da yamma. Inna ta rage cin abinci, daga tuwo ta koma kunu, daga kunu ta koma ruwa. Ba ta iya zama, sai mu fito da ita mu kwantar a inuwar bedin, don ta ce cikin ɗaki ba ta jin aiki. Wata safiya muka gama ɗaure kusoshi na tayar da injin. Ta daɗe tana saurare, har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

"Hajo."

"Na'am, Inna."

"Ce mishi shi bari haka nan. Ya warke."

Na kashe motar na zo na durƙusa a gefen tabarmar. Ta miƙo hannu, na ɗauka Hajo take nema, sai ta kama nawa. Ta shafa tafin, ta bi tsagar yatsun ɗaya bayan ɗaya, fuskarta dai tana bango.

"Hajo, hannun ga duk ya lalace. Ki riƙa sa mishi man shanu."

Ba ta ƙara kwana da yawa ba. Ta cika da hantsi, washegarin ruwan fari, ina zaune a kanta. Ta riga ta gaya wa Hajo tana son a kai ta kusa da mijinta. Mata suka yi mata wanka aka suturta ta, muka shimfiɗa katifa a bayan bashe muka ɗora makara, Agali da liman da maƙwabta suka zauna suka riƙe. Mutane suna ta cewa ƙoramar hanya ta kawo ruwa jiya, ba motar da za ta wuce. Da muka isa kuwa ga wata babbar mota ta kafe har ciki a tsakiyar jiƙaƙƙen yashi. Na yi bisimilla na sa giya ta ƙasa. A hankali na bi da ita, ba da ƙarfi ba, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, ko sau ɗaya bai yi tari ba har muka hau tudu.

A Takanamat an riga an haƙa kabari a gefen na babana. Da aka idar da salla aka ce wa zai shiga, ban jira an sake tambaya ba. Na sauka aka miƙo mini ita, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefen dama na gyara mata fuska zuwa gabas. Da na zare hannuna sai na ga baƙin man da ke cikin tsagar yatsuna ya bi gumi ya fito, ya bar shaidar hannuna a kan farin likkafani, daidai kafaɗarta. Na sa bakin rigata zan goge. Agali yana tsugune a bakin ramin, ya miƙo hannu ya riƙe mini kafaɗa.

"Bar mata shi," in ji shi.

Na bar mata, da shi aka rufe ta.